Binne Wayoyi A Ƙasa: Daga Daskararriyar Ƙasar Arewacin Duniya Zuwa Fakon Mubi

Hanya biyu wayar lantarki da ta sadarwa ke bi kafin su isa ga mai amfani da su: ko dai a rataye su a kan turaku, ko kuma a binne su a ƙasa. Ratayewa ta fi arha da sauri, shi ya sa ta mamaye garuruwan Najeriya, in ban da wasu unguwannin Abuja irin su Maitama da Asokoro da aka tsara su tun farko da wayoyi a ƙarƙashin ƙasa. Binnewa tana kare waya daga guguwa da faɗuwar bishiya da babbar motar da ta ɗauko kaya fiye da kima, amma kuɗinta ya ninka na ratayewa sau da yawa, kuma idan waya ta lalace a ƙasa, gano wurin kaɗai aiki ne mai zaman kansa. Ƙarkon wayar da aka binne ya rataya ne a kan abubuwa uku: irin ƙasar, lokacin da aka yi haƙa, da zurfin da aka kai. A ƙasashen sanyi ƙanƙara ce ke yanke hukunci a kan waɗannan abubuwa. A Mubi ta jihar Adamawa da kewayenta kuwa rani da damina ne.

Yadda ake gina ramin waya

Tsarin ramin waya kusan ɗaya ne a duk duniya. Ana haƙa dogon rami mai faɗin da mutum zai iya aiki a ciki, a share duwatsu masu kaifi daga gindinsa, sannan a shimfiɗa yashi mai laushi kamar santimita 10. A kan wannan yashi ake kwantar da wayar, ko dai ita kaɗai idan mai sulke ce, wato wadda aka naɗe da zaren ƙarfe, ko kuma a cikin bututun roba. Daga nan a sake rufe ta da yashi, a jera bulo ko fale-falen siminti a kai, a zuba ƙasa kaɗan-kaɗan ana daddaɓewa. Kafin a kai bakin rami ana shimfiɗa ƙyallen roba mai launi, domin duk wanda ya zo haƙa daga baya ya ci karo da gargaɗi kafin digarsa ta taɓa waya.

Zurfi yana bin ƙarfin wutar da kuma abin da ke wucewa ta sama. Wayar ƙaramar wuta irin ta gidaje akan kai ta kimanin rabin mita zuwa santimita 60. Ta babban layi mai ƙarfin kilobolt 11 ko 33 takan kusanci mita ɗaya ko ta ɗara. Wayar faiba, wadda zaren gilashi ne ke ɗauke da saƙo a cikinta ta hanyar haske, akan zura ta cikin bututun roba mai ƙarfi a zurfin mita ɗaya ko fiye a gefen manyan hanyoyi, tare da ramukan siminti masu murfi nan da can, inda ake haɗa bakin waya da waya, ake kuma ajiye rarar da za a ja in an zo gyara. Inda za a ƙetare titi ana ƙara zurfi, a kuma sa bututu mai jure nauyin mota.

Ƙasar da ke daskarewa

A arewacin Amurka da Kanada da Rasha da ƙasashen arewacin Turai, sanyin hunturu yana shiga ƙasa ya daskarar da ruwan da ke tsakanin ƙwayoyinta. Ƙasar da shebur ke shiga cikin sauƙi a watan Satumba takan koma kamar kankare a watan Janairu. Iyakar inda daskarewar ke tsayawa ta bambanta daga wuri zuwa wuri. A jihar Minesota ta Amurka dokar gini ta ɗauke ta a matsayin mita ɗaya da ɗoriya a kudu, mita ɗaya da rabi a arewa. A birnin Winifeg na Kanada, a hunturun 2013 zuwa 2014, ƙanƙara ta nutsa fiye da mita biyu, har bututun ruwan gidaje masu yawa suka daskare, wasu ba su sake samun ruwa ba sai bayan watanni.

Taurin ƙasa shi ne matsala ta farko, amma motsinta ya fi shi ɓarna. Idan ruwa ya daskare girmansa yakan ƙaru da kusan kashi 9 cikin 100. Bayan haka, a ƙasa mai laushin ƙwaya, ƙanƙarar da ta fara haɗuwa tana janyo ruwa daga ƙasa-ƙasa, ta yi ta kauri falle-falle, har ta ɗaga duk abin da ke samanta. Da haka take tura duwatsu sama, ta karkatar da turaku, ta ja bututu daga jikin akwatin mita. Idan ɗumi ya dawo ta narke, ƙasar sai ta lotsa, kuma ba lallai ta koma yadda take ba. Wayar lantarki ba ta da ruwan da zai daskare a cikinta, don haka doka ba ta cika tilasta a kai ta ƙasan iyakar ƙanƙara ba, saɓanin bututun ruwa. A Amurka ƙa'idar wayar gida da aka binne kai tsaye santimita 60 ce, ta cikin bututun roba kuwa 45. Abin da ake yi shi ne a bar wa wayar ɗan sassauci, a kuma sa mahaɗi mai zamewa inda bututu ya fito daga ƙasa ya hau bango, domin in ƙasa ta motsa kada ta tsinka shi.

Ita kanta wayar sanyi yana canza halinta. Robar da ke lulluɓe da ita takan yi tauri, in aka lanƙwasa ta da ƙarfi sai ta tsage, tsagar da ido ba ya gani sai ruwa ya shiga daga baya. Saboda haka masu ƙera waya ke faɗin mafi ƙarancin ɗumin da za a iya shimfiɗa ta, ma'aikata kuma kan ajiye naɗin a ɗaki mai ɗumi kwana guda kafin aiki. Haka kuma ba a cike rami da daskararrun ɓarɓashin ƙasa, don suna da kaifi, kuma idan suka narke sai ramin ya rufta.

Dabarun da ƙasashen sanyi suka ƙirƙiro

Dabarar da ta fi yaɗuwa ita ce haƙuri. Kamfanonin waya da na intanet a waɗannan ƙasashe sukan shimfiɗa wayar wucin gadi a bisa ƙasa, ta bi gindin shinge ko ta kan ciyawa, mai gida ya ci gaba da amfani da ita har ƙasa ta saki a watan Afrilu ko Mayu, sannan a zo a binne. Kamfanonin lantarki da yawa suna ƙara kuɗi na musamman ga duk wanda ya nace sai an haƙa masa a tsakiyar hunturu.

Idan aiki ba zai jira ba, ko dai a narkar da ƙasar ko a fasa ta. A da akan zuba gawayin kwal da tattaka a kan layin ramin, a cinna wuta, a rufe da kwano ta kwana tana ci. Yanzu ana amfani da barguna masu ɗumama da lantarki, ko dogayen tiyo da ruwan zafi ke zagayawa a ciki, a lulluɓe su na wasu kwanaki. Wajen fasawa akwai haƙori guda na ƙarfe da ake ɗaura wa motar haƙa, da injin mai faifan zarto irin na yanka dutse. Kusa da wayoyin da aka riga aka binne, inda kuskure ɗaya zai iya jawo asarar rai, ana feshin ruwan zafi mai ƙarfi ana zuƙe taɓon da babbar mota. Akwai kuma haƙa ta kwance, inda injin ke huda ƙasa daga gefe guda, ya bi ta ƙarƙashin daskararren ɓangaren ko titi ko kogi, ya ɓullo a ɗaya gefen, sannan ya janyo bututu a dawowarsa.

Can kusa da ƙarshen arewacin duniya akwai ƙasar da ba ta narkewa ko da bazara, sai ɗan samanta. A irin wannan wuri binnewa kanta haɗari ce, domin ɗumin bututu zai narkar da abin da yake zaune a kai. Shi ya sa a birnin Yakutsk na Rasha bututu ke bi ta sama a kan ƙafafu, a garin Inubik na Kanada kuma aka gina musu dogayen akwatuna a bisa ƙasa. Bututun man Alaska da aka kammala a 1977, mai tsawon kilomita 1,287, fiye da rabinsa a ɗage yake saboda wannan dalili.

Ƙasar Mubi da yanayinta

Mubi tana gindin duwatsun Mandara, dab da iyakar Kamaru, kogin Yedzaram kuma ya ratsa ta ya nufi arewa wajen tafkin Chadi. Ko a tsakiyar hunturu sanyin dare ba ya kusantar ma'aunin da ruwa ke daskarewa. Amma ƙasar yankin ita ma tana rufewa tana buɗewa da lokaci, tana kuma motsi, kuma mai binne waya da ya yi biris da wannan zai yi aiki biyu.

A ƙarƙashin yankin akwai tsohon dutse mai tauri, wanda a wurare da dama, musamman wajen Gella da ƙauyukan gindin dutse, ba shi da nisa da saman ƙasa. Ƙasar da ta samu daga ruɓewarsa tsakuwa ce da yashi. A wasu wurare akwai marmara, a kwari da bakin kogi kuma akwai laka. Ramin kilomita ɗaya yana iya ratsa dukkan waɗannan, kowacce da irin kayan aikin da take bukata da irin ladar da lebura zai nema.

Mafi yawan wayoyin rarraba wuta na kamfanin YEDC, mai kula da Adamawa da Borno da Taraba da Yobe, a kan turaku suke. Waɗanda ke ƙasa sun kasu kashi uku. Akwai wayoyin faiba da ke bin gefen manyan hanyoyi, kamar wadda ta taso daga Yola ta Song da Gombi da Hong, suna haɗa turakun sadarwa da sauran ƙasa. Akwai wayoyi masu sulke da ke fita daga taransifoma ko janareta zuwa gine-gine a manyan harabobi irin na makarantu da asibitoci da bankuna. Sai kuma ƙananan wayoyi da magidanta da manoma ke binnewa da kansu, daga faifan sola zuwa famfon rijiyar burtsatse, ko daga gida zuwa shago. Wannan kashi na uku shi ne ya fi ƙaruwa tun da sola ta yaɗu, shi ne kuma ya fi ƙarancin bin ƙa'ida.

Rani, damina da kaka

Daga Fabrairu zuwa Afrilu, lokacin da zafin rana ke kaiwa digiri 40, ƙasa ta gama bushewa. Laka ta ƙame, marmara ta ƙara tauri, fako kuwa diga sai ta yi tsalle a kansa. Leburan da ake biya bisa tsawon abin da ya haƙa ba ya samun rabin abin da zai samu a ƙasa mai danshi, kuma nan ne ake fara cin amanar zurfi: ramin da aka rubuta mita ɗaya sai ya tsaya a gwiwa. Abin da magina suka saba yi shi ne su kwarara ruwa a kan layin da yamma, su bar shi ya kwana, da asuba su cire abin da ya yi laushi, su sake zubawa. Manufar ɗaya ce da ta masu ɗumama ƙasa a Kanada, sai dai a bazara ruwan kansa saye ake yi daga 'yan garuwa ko tanka. Inda aka ci karo da dutse kuwa sai injin fasa dutse, in kuma ba a iya kai zurfin da ake so ba, ƙa'ida ita ce a sa wayar cikin bututu a lulluɓe da kankare.

Damina, daga Mayu zuwa Oktoba, tana kawo ruwan da ya kai kimanin milimita 900 zuwa 1,000 a shekara, mafi yawansa a Yuli da Agusta da Satumba. Haƙa ta yi sauƙi, amma rami buɗaɗɗe yakan cika da ruwa cikin sa'a guda, bangonsa ya zube, ya zama tarko ga yara da dabbobi da masu babur. Haɗa bakin waya kuma yana son bushewa, domin danshin da aka rufe a cikin mahaɗi shi ne ke zama gobara ko yankewar wuta bayan watanni. Babbar barazanar ita ce zaizayar ƙasa. Ruwan da ke gangarowa daga duwatsu yana da gudu, ƙasar kuma sakwa-sakwa ce, shi ya sa kwazazzabai suka zama sananniyar matsala a Mubi da ƙauyuka irin su Digil da Vimtim da Muvur da Lamorde. Ramin da aka cike ba tare da daddaɓewa ba ya fi ƙasar gefensa laushi, sai ruwa ya mai da shi hanya. Cikin damina ɗaya ko biyu bututun da aka binne yakan fito fili, wani lokaci a gan shi yana lilo a bakin kwalbati. Maganin wannan shi ne a daddaɓe ƙasa falle-falle, a gina ƙananan shingayen siminti ko buhunan ƙasa a cikin rami inda akwai gangara, a mashigar ruwa kuma a nutsa ƙasa da inda ruwa ke iya kwashewa, ko a ɗaure bututun ƙarfe a jikin gada.

Baƙar laka tana da nata halin. Da damina takan sha ruwa ta kumbura, da rani ta tsuke ta dare, darewar da kan yi zurfi sosai. Wannan kumburi da tsukewa na kowace shekara shi ne mafi kusa da abin da ƙanƙara ke yi a ƙasashen sanyi, kuma maganinsu iri ɗaya ne: shimfiɗar yashi mai kauri, bututu mai lanƙwasuwa, da barin rarar waya a kowane mahaɗi.

Lokacin da ya fi dacewa da haƙa a yankin shi ne daga ɗaukewar ruwa a Oktoba zuwa wajen ƙarshen Disamba. Ƙasa tana da sauran danshi, sama ba ta barazana, rafuka sun ja baya. Cikas ɗin wannan lokaci biyu ne: amfanin gona bai gama barin gonakin da layin zai ratsa ba, kuma ƙarti suna wajen girbi, don haka lada takan hau. Ɗan kwangilar da ya san yankin yakan fara da cikin gari da gefen titi, ya bar gonaki sai an kwashe dawa da masara.

Zafi, gara da ɓarayi

Waya mai ɗauke da wuta tana fitar da zafi, ƙasar da ke kewaye da ita ce ke ɗauke shi. Ƙasa mai danshi tana yin wannan da kyau, busasshen yashi kuwa riƙe zafin yake yi. Waya mai rufin roba na gama-gari an yi ta ne kada cikinta ya wuce digiri 70, mai ingantaccen rufi kuma digiri 90. Watan Afrilu, lokacin da ƙasa ta fi zafi da bushewa, shi ne kuma lokacin da fanka da firji da famfo ke jan wuta fiye da kullum. Wayar da kaurinta zai wadatar a Turai tana iya gazawa a Mubi, shi ya sa injiniya ke zaɓen wadda ta ɗara kauri, ya kuma bar tazara tsakanin wayoyin da ke rami ɗaya.

Gara da ɓera da gafiya suna cin rufin roba, musamman na wayar cikin ɗaki da wasu ke binnewa haka nan don rage kuɗi. Irin wannan waya ba a yi ta don ƙasa ba. Idan rufinta ya huje, wuta na iya bin jiƙaƙƙiyar ƙasa ko ruwan da ya kwanta, abin da ke kashe mutum ko dabba ba tare da an ga waya ba. Hukumar NEMSA, wadda dokar 2015 ta kafa, ita ke da alhakin duba ayyukan lantarki da gwada su kafin a sa musu wuta. Sai kuma ɓarayin jan ƙarfe, waɗanda rami marar zurfi ke sauƙaƙa wa aiki. Har wayar faiba, da babu ƙarfen sayarwa a cikinta, sukan sare ta bisa zaton akwai.

Faiba da aikin hanya

A faɗin Najeriya, babban abin da ke yanke wayar faiba shi ne aikin titi. Hukumar sadarwa ta NCC ta ce an samu yankewa fiye da 50,000 a 2024, kusan 30,000 daga ciki sanadiyyar gyaran hanyoyi. Ga gari kamar Mubi, mai babbar kasuwar shanu da ciniki da Kamaru da Chadi, inda kuɗi masu yawa ke bi ta waya da na'urar POS, yankewa ɗaya a hanyar Gombi tana iya tsayar da ciniki da rajistar ɗaliban Jami'ar Jihar Adamawa da na Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya. Mutanen yankin sun san zama babu layi tun 2013, lokacin da aka rufe sadarwa a Adamawa da Borno da Yobe bayan ayyana dokar ta-ɓaci, da kuma ƙarshen 2014 da Boko Haram ta mamaye garin kafin sojoji su ƙwato shi.

Gwamnati ta ɗauki wasu matakai. Majalisar Tattalin Arziki ta Ƙasa ta tsayar da naira 145 a kan kowace mita a matsayin kuɗin izinin ratsa ƙasa, kuma Adamawa tana cikin jihohin da suka yafe shi gaba ɗaya. A 2024 Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a kan umarnin da ya sanya kayan sadarwa cikin muhimman kadarorin ƙasa da lalata su laifi ne babba. A shekarar ce kuma aka amince da shirin shimfiɗa ƙarin kilomita 90,000 na faiba a ƙarƙashin ma'aikatar da Bosun Tijani ke jagoranta, domin kai jimillar daga kimanin 35,000 zuwa 125,000. A farkon 2025 ma'aikatar ayyuka da ta sadarwa suka kafa kwamitin haɗin gwiwa don kare wayoyi a lokacin aikin hanya.

Abin da duk waɗannan matakai ke bukata kafin su yi tasiri shi ne sanin inda waya take. A Amurka, tun 2007 akwai lamba ɗaya, 811, da duk mai niyyar haƙa zai kira kwanaki kaɗan kafin ya fara, kamfanoni su zo su shata layinsu da fenti: ja na lantarki, ruwan lemo na sadarwa, rawaya na gas, shuɗi na ruwan sha. Tsarin ba ya bukatar wata babbar na'ura, sai taswira ta gaskiya da ofis guda da za a tambaya. A matakin ƙananan hukumomin Mubi ta Arewa da Mubi ta Kudu, wannan yana nufin kowane ɗan kwangila ya miƙa zanen inda ya bi da zurfin da ya kai ga sashen ayyuka na ƙaramar hukuma da hukumar tsara birane, a kafa turakun siminti masu alama a kan layin, a kuma sanar da mai unguwa, wanda shi ne ke fara jin labarin duk wanda zai haƙa masai ko harsashin katanga.

Ga magidanci ko manomin da zai binne tasa wayar, ƙa'idojin ba su da yawa: waya mai sulke ko bututu, zurfin da bai gaza rabin mita ba, yashi a ƙasa da sama, bulo da ƙyallen gargaɗi, babu mahaɗi a cikin ƙasa sai a akwatin da ruwa ba ya shiga, sannan hoton ramin kafin a rufe shi. Wayar da aka binne bisa wannan tsari takan yi shekaru 30 zuwa 40 tana aiki. Wadda aka tura ƙarƙashin taƙi ɗaya na ƙasa a tsakiyar bazara kuwa da wuya ta wuce damina biyu ba ta nemi gyara ba.